Yadda ake tsara ginin makaranta da zai bi sauyin karatu ya kuma daɗe

Ginin makaranta mai inganci yakan kai shekara 50 ko fiye yana aiki, amma salon koyarwa ba ya daɗewa haka bai canza ba. Yau malami na gaban allo, gobe yara na aiki rukuni-rukuni, jibi ana neman inda za a jera kwamfutoci. Don haka abin da ya kamata mai tsarawa ya sa a gaba shi ne: ƙashin ginin ya yi ƙarfi ya zauna daram, cikinsa kuma ya zama mai sauƙin juyawa. Ga yadda ake bin aikin daki-daki.

Mataki na farko: a zauna da malamai kafin a ja layi

Kafin mai zanen gini ya ɗauki fensir, a tara malamai, shugaban makaranta, masu shara da gyara, har da ɗalibai. A tambaye su yadda wuninsu ke tafiya: yara nawa ne a aji, sau nawa ake raba su rukuni, ina suke zama lokacin tara, wane wuri ne ya fi cunkoso. A rubuta amsoshin, su ne za su zama ma'aunin zanen. Wannan zama ba ɓata lokaci ba ne. Wani bincike da Jami'ar Salford ta Ingila ta fitar a 2015, wanda ya duba azuzuwa 153 a makarantun firamare 27, ya nuna cewa yanayin ginin aji yana da alhakin kusan kashi 16 cikin 100 na bambancin ci-gaban da yara ke samu a shekara. Haske, zafi da ingancin iska ne suka ɗauki kaso mafi girma.

Mataki na biyu: a karanci fili da tafiyar rana

A nan ne, a ganina, ake samun riba mafi yawa ba tare da an kashe ko sisi ba, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. A je filin da safe, a koma da yamma, a ga inda iska ke fitowa a kowane yanayi na shekara, da inda ruwa ke kwanciya idan an yi sama. A wuri mai zafi, a shimfiɗa tsawon ginin daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli arewa da kudu. Dalili kuwa, ranar hantsi da ta la'asar tana ƙasa-ƙasa, tana shiga taga kai tsaye, da wuya a tare ta. Ranar tsaka kuma tana sama, ɗan tsawon rufi ko baranda ya isa ya yi mata shamaki. A ƙasashe masu sanyi lissafin ya juya, ana son rana ta shiga ta ɗumama ɗaki. Bishiyoyin da aka tarar a filin a bar su, a tsara ginin ya kewaye su.

Mataki na uku: nauyi a kan ginshiƙai, ba a kan bangon tsakiya ba

Idan bangon da ya raba aji da aji shi ke ɗauke da rufi, to an ɗaure makarantar ke nan har abada. A sa injiniya ya ɗora nauyin a kan ginshiƙai da aka jera bisa tazara ɗaya, sai bangayen ciki su zama marasa nauyi, a iya cire su ko a matsar da su. Tsakanin wasu azuzuwa biyu a sa bango mai naɗewa, ranar jarrabawa ko taro su zama zaure guda. A ware wa kowane ɗalibi kimanin murabba'in mita 2, kuma a faɗaɗa baranda har ta isa a ajiye tebur a yi aikin rukuni.

Sai dai a yi hattara, kada son sakewa ya kai ga rushe bangaye gaba ɗaya. An gwada haka a Amurka da Ingila a shekarun 1960 da 1970, aka gina makarantu masu buɗaɗɗen fili, azuzuwa da yawa a ƙarƙashin rufi ɗaya. Hayaniya ta hana karatu, makarantu da dama suka dawo suka tayar da bangayen. Yaro na bukatar wurin da za a rufe ƙofa ya ji malaminsa.

Mataki na huɗu: iska, haske da sauti

A buɗe tagogi a bangaye biyu masu kallon juna domin iska ta ratsa, a kuma bar kafofi a can sama kusa da rufi, tunda iska mai zafi sama take tashi. Aji cike da yara kuma a rufe, nan da nan iskar da suke fitarwa take taruwa, sai ka ga hamma da gyangyaɗi, a ɗora wa yaran laifin kasala alhali ɗakin ne. Faɗin tagogi ya kai kimanin kashi ɗaya cikin biyar na faɗin daɓen ɗakin, silin da bango a yi musu fenti mai haske, kuma kada a sa taga daura da allo yadda ƙyalli zai kashe ido.

Kyakkyawan misali shi ne makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso, wadda mai zanen gini Francis Kéré ya tsara aka kammala a 2001. An yi ta da tubalin ƙasa da aka haɗa da ɗan siminti, aka ɗaga rufin kwano sama da silin, aka bar sarari a tsakani inda iska ke wucewa ta kwashe zafi. Ginin ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 2004, shi kuma Kéré ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini, a 2022. Abin da ya burge ni a aikin shi ne ba na'ura ce ta sanyaya azuzuwan ba, tunani ne.

Sauti kuwa shi aka fi mantawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke shiga aji lokacin darasi ta wuce desibel 35 (ma'aunin ƙarfin ƙara), amsa-kuwwa kuma ta tsaya a kimanin sakan 0.6. Silin mai tsotse ƙara, allunan liƙa takardu masu laushi a bango da roba a ƙafafun kujeru suna taimakawa sosai. Ɗakin kiɗa, na sana'a da injin wuta a nesanta su da azuzuwa.

Mataki na biyar: kayan gini, ruwa da wuta

A zaɓi kayan da ake samu kusa, waɗanda maginan yankin suka iya gyarawa. Sarrafa siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, saboda haka a taƙaita shi ga harsashi da ginshiƙai inda ya zama dole. Rufin makaranta kuma babban faranti ne: kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, wato rufi mai murabba'in mita 500 zai tara kusan lita 5,000 a ruwan milimita 10. A sa indararo da tanki, a yi amfani da ruwan a banɗaki da ban-ruwan shuke-shuke. Ko babu kuɗin sola yanzu, a ƙarfafa rufin ya iya ɗaukarta, a kuma binne bututun wayoyi da soket masu yawa tun kafin filasta.

Mataki na shida: kowa ya iya shiga

Gangaren keken guragu kada ya wuce tashin mita 1 a tsawon mita 12, ƙofofi su yi faɗin da keken zai wuce. Banɗaki ya wadata; ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ɗaya ga 'yan mata 25, ɗaya da wurin fitsari ga maza 50, da ruwan wanke hannu a kusa. Kujeru da tebura su zama marasa nauyi, yaro biyu su iya ɗagawa, maimakon dogon bencin da aka kafe a ƙasa.

Mataki na bakwai: a koma bayan an tare

Bayan shekara guda da buɗewa, mai zane da injiniya su dawo su sake zama da malaman nan. A auna zafin azuzuwa, a duba tagogin da ba a buɗewa da dalilinsu, a ga ko ana amfani da bango mai naɗewa ko ya maƙale. A miƙa wa hukumar makarantar kwafin zanen da ɗan littafin kulawa mai nuna lokacin wanke tanki, share indararo da goge farantan sola, sannan a nuna a zanen ɓangaren filin da aka ware wa ƙarin azuzuwa idan yara suka ƙaru.