Yadda za mu tsare unguwa daga gobara kafin iskar hunturu ta kankama

Jama'a hunturu ya kawo jiki, ciyawar damina ta bushe ƙayau, musamman mu na sababbin unguwanni irin su Danbare da Gaida a Kano inda za ka ga gida ɗaya, fuloti uku ba gini sai ciyawa har ƙugu. Wutar da ta cinye unguwanni a Los Angeles ta Amurka a Janairun 2025 daga busasshen daji ta taso iska ta koro ta cikin gari, tartsatsi na tashi yana faɗawa kan gidaje tun wutar tana nesa. To mu ma ai iskar nan muna da ita.

A fara da zuwa wajen mai unguwa da liman, a yi sanarwa bayan sallar Asuba a sa ranar aikin gayya. Matasa su fito da fartanya da manjagara a share kangwaye da fulotai, in mai fuloti baya kusa a kira shi a waya, in bai zo ba dai a share, don wallahi ranar da wuta ta kama katangar maƙwabci za ta fara ci. Abin da aka tara kuma dan Allah kar a cinna masa wuta da rana tsaka iska na kaɗawa, a kwashe a kai bola.

Sai cikin gida, nan ne muke sakaci. Harawa da karan da muke jibgewa kan rufi saboda tumaki, da itacen girki jingine da taga, da jarkar fetur ɗin janareto a zaure, a sauke su a nisanta su da ɗaki da madafa. Kaskon garwashi kar ya kwana a ɗaki, hita kuma a zare ta da zarar an ɗauke wuta, sau nawa ana dawo da nepa cikin dare tana jone ruwan ya ƙone.

Kowane layi a ajiye bokitan yashi, don wutar fetur da ta lantarki ba a watsa musu ruwa, a kuma san wanda zai cire katawut da gidan da ke da bohol. Lambar 'yan kwana-kwana a rubuta ta ɓaro-ɓaro a bangon masallaci, masu tara bulo da yashin gini a bakin lungu kuma a roƙe su su janye su don motar kashe gobara ta samu hanyar shiga.