Yadda za ka buɗe gonarka ga 'yan yawon buɗe ido ba tare da ka saɓa wa dokar tsarin filaye ba

Mutanen birni suna son kawo 'ya'yansu gona su ga yadda ake tatsar saniya, su tsinki 'ya'yan itace da hannunsu, wasu ma su kwana su tashi da carar zakara. Kuma suna biya. A Amurka, ƙidayar gonaki ta 2022 ta nuna cewa manoma sun samu kimanin dala biliyan 1.26 daga wannan harka. Sai dai manomi kan gama gyara rumfa, ya kafa allo a bakin hanya, baƙi su fara zuwa, sannan takarda ta iso daga ƙaramar hukuma cewa ya dakata, domin filin nasa na noma ne, abin da yake yi kuwa kasuwanci ne.

Dalili shi ne a ƙasashe da dama an raba ƙasa shiyya-shiyya: nan gidaje, nan shaguna, nan masana'antu, can kuma noma. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar wa ƙananan hukumomi wannan iko tun 1926, a shari'ar garin Euclid na jihar Ohio. A Ingila kuwa, tun dokar tsara birane da karkara ta 1947, sauya abin da ake yi da fili yana bukatar izini ko da naka ne halak malak. Ga yadda za ka bi lamarin kafin ka sayi ko bulo ɗaya.

Da farko, gano shiyyar da gonarka take

Ɗauki takardun filinka ka je ofishin tsara gari na yankinku. Ka nemi abu biyu: taswirar shiyyoyi, da rubutacciyar dokar da ke bayanin kowace shiyya. Taswirar za ta nuna maka launin da aka shafa wa gonarka, amma amsar da kake nema tana cikin rubutun. A nan galibi za ka tarar da jeri uku: abin da aka halatta kai tsaye, abin da sai an nemi izini na musamman, da abin da aka hana. Ka lura ko gonar ta faɗo cikin wani tsari na biyu, kamar wurin da ambaliya ke ci, ko gefen gandun daji, ko yankin tarihi, domin waɗannan suna da nasu sharuɗɗan a kan na farko.

Duk abin da jami'i ya gaya maka da baki, ka roƙe shi ya rubuta maka. Ma'aikata suna canza wurin aiki, kuma wanda ya gaje shi bai san da zancenku ba.

Na biyu, rarrabe abin da kake son yi ɗaya bayan ɗaya

Nan ne zuciyar al'amarin. Kada ka je wa hukuma da magana a dunƙule cewa kana son karɓar baƙi. Zauna ka rubuta: zagaya da 'yan makaranta cikin gona, barin mutane su tsinki amfani su biya, rumfar sayar da abin da ka noma, dafa abinci a sayar, ɗakunan kwana, hayar fili don biki ko wasan kiɗa. Doka tana kallon kowanne daban. Na farkon jerin kusan ko'ina ana ɗaukarsu reshen noma. Gwargwadon yadda ka gangara ƙasa, haka kake nisa da gona kana matsawa kusa da otal da zauren taro, haka kuma ƙa'idoji ke ƙara tsauri.

Tambayar da masu hukunci ke yi wa kansu guda ce: baƙin nan don gonar suka zo, ko kuwa gonar ta koma ado ne kawai a bayan wata sana'ar? Italiya, wadda ta kafa dokar wannan harka a 1985 ta kuma sabunta ta a 2006, ta ɗora komai a kan wannan. Dole noma ya ci gaba da zama babban aikin gidan, a yi amfani da gine-ginen da suke cikin gonar tun da can, abincin da ake ba baƙi kuma akasarinsa ya fito daga gonar ko gonakin yankin. Wanda baƙinsa ba su wuce 10 ba, dokar ta ɗauka cewa noma ne ke gaba a wurinsa. Jihar Oregon ta Amurka, wadda ta yi suna wajen kare filayen noma tun 1973, ta ba gundumomi dama a 2011 su amince da taruka a gona, da sharaɗin su zama ƙari ne a ƙarƙashin noman. Jihar Florida ta Amurka ta bi wata hanya: a 2013 ta hana ƙananan hukumomi takura wa wannan harka a filin da aka yi wa rajistar noma, amma kariyar ba ta haɗa da sabon ginin da aka yi musamman don tara jama'a ba.

Ni ina ganin wannan ma'auni adalci ne, ko da yake yana ɓata wa mai sauri rai. In aka bar kowace gona ta zama wurin shaƙatawa, farashin ƙasa zai haura abin da mai noma zai iya saye, kuma a 'yan shekaru babu gonar da za a zo gani. Saboda haka ka tanadi hujjar da ke nuna kai manomi ne har yanzu: faɗin da kake nomawa, yawan dabbobi, rasit na abin da ka sayar bara. Kowane abu da ka rubuta a jerinka, ka iya faɗin alaƙarsa da amfanin gonar a jimla ɗaya. Wanda ka kasa, ka san shi ne zai sha tambaya.

Na uku, nemi ƙaramar ƙofa ka fara gwadawa

Wurare da yawa suna barin amfani na wucin gadi ba tare da cikakken izini ba. A Ingila mai fili yana iya yin wani abu daban da shi har kwana 28 a shekara, kasuwa kuwa kwana 14. Daga Yulin 2023 aka ƙara damar kafa sansanin tantuna na kwana 60, muddin wuraren kafa tanti ba su wuce 50 ba, in an sanar da hukuma an kuma tanadi ban ɗaki da wurin zuba shara. Ka tambaya ko akwai irin wannan a inda kake. Kaka ɗaya ta gwaji za ta nuna maka motoci nawa ke zuwa da kuma inda suke cunkushewa.

Na huɗu, hanya, ruwa da gini

A nan ake kayar da buƙatu masu yawa, ko da an yarda da manufarsu. Fita ka tsaya a bakin ƙofar gonarka ka duba hagu da dama: direban da ke fitowa yana hango abin da ke tafe? Bas ɗin makaranta za ta iya juyawa ba tare da ta hau shukar maƙwabci ba? Motar kashe gobara za ta kai har ciki bayan an tafka ruwa? Zana taswira ko da ta hannu ce, ka nuna mashiga, mafita, wurin ajiye motoci, ban ɗaki, da tazararsa da rijiya.

Sito da aka gina don harawa ba a gina shi don mutum ɗari ba. Da zarar jama'a za su taru a ciki, dokar gini da ta gobara sun shigo: ƙofofin fita, wayoyin lantarki, ƙarfin rufi. In akwai abinci, jami'an lafiya ma suna da nasu lasisin. In yara za su taɓa maraƙi ko ɗan akuya, ka kafa famfo da sabulu daidai inda suke fitowa daga garke, kafin su kai wurin cin abinci, domin ƙwayoyin cuta irin su E. coli ta wannan hanyar suke kama yara.

Na biyar, je wa maƙwabta da kanka

Izini na musamman yakan bi ta zaman jin ra'ayin jama'a, kuma hukuma za ta aika wa maƙwabtanka sanarwa. Kada ka bari takardar ta riga ka isa. Mutumin da ya fara jin labari daga wasiƙar hukuma yakan zo zaman da shirin faɗa. Damuwarsu sananniya ce: ƙarar lasifika da dare, ƙura, fitilu, motar baƙo da ta toshe hanyar tarakta ranar girbi, kare da ya shiga cikin tumaki. Manomin da ke gefenka yana da wani tsoron kuma, kada baƙinka su fara ƙorafin warin taki ko feshin magani har a zo a takura masa a kan aikin da ya gada. Ka saurare su, ka faɗi ƙarfe nawa za ka rufe, ka ba su lambar da za su kira ka kai tsaye. Abin da kuka daidaita a kai ka sa shi cikin takardar neman izini da hannunka.

Na shida, miƙa buƙata, ka karanta sharuɗɗa da kyau

Ka nemi abin da za ka iya riƙewa a shekara biyu ko uku masu zuwa, da adadi a fili: taro nawa a shekara, mutum nawa a rana, daga ƙarfe nawa zuwa nawa. In an amince, sharuɗɗan da aka liƙa wa izinin doka ne a kanka, kuma karya ɗaya yana iya sa a janye duka. In an ƙi, ka nemi dalilai a rubuce, ka duba wa'adin ɗaukaka ƙara nan take, domin yakan zama gajere. Sau da yawa rage girman shirin a sake miƙawa ya fi sauri da araha fiye da shari'a.

Kafin ka buɗe ƙofa, ka bincika haraji da inshora. A jihohin Amurka da yawa filin noma yana samun rangwamen haraji, kuma in aka ce wani ɓangare ya fita daga noma, ana iya bin mai shi bashin rangwamen shekarun baya. Inshorar gona ta yau da kullum kuma ba lalle ta rufe baƙon da ya biya kuɗin shiga ya faɗo daga kan amalanke ba, don haka ka gaya wa kamfanin duk abin da ke cikin jerinka.

Bayan an fara, ka ajiye littafi a bakin ƙofa inda za a riƙa rubuta kwanan wata, yawan baƙi da lokacin da aka tashi, domin shi za ka nuna ranar da wani ya kai ƙara. Duk sa'ad da ka so ƙara wani abu, ko da ɗaki biyu ne na kwana, ka koma ofishin da jerinka kafin ka kira magini.