Yadda zaka haɗa ƙaramin kwalekwale da kwantirfilake a gida

Mu nan Damagaram ba mu da gulbi, amma duk wanda ya taɓa zuwa tafkin Gidimuni ko na Lasuri bayan damana ya san kifin kirki yana can tsakiya inda ƙafa ba ta kaiwa. To kwalekwale na mutum guda kai da kanka zaka iya haɗa shi a tsakar gida, in dai kana da zarto da haƙuri.

Fara da katakon. Falle guda na kwantirfilake, wato allon da ake yi da siraran fallayen katako manne da gam, tsawonsa santimita 244 ne, faɗi 122, falle biyu sun ishe ka, ka nemi mai kaurin milimita 9 ko 10. Amma don Allah ɗan uwa kar ka yi saurin biyan kuɗi, yawancin wanda ake saidawa na kabad ne da silin, gam ɗin cikinsa ba ya jure ruwa ko kaɗan. Ka roƙi ɗan guntu wajen mai katako a kasuwar Dole ko wajen kafintan unguwarku, ka jefa a tukunya ya tafasa kamar awa guda, ka shanya, ka sake tafasawa. In ya kumbura ya ɓare falle falle to bar masu abinsu.

Fallen farko shi ne gindi, ka yanke shi faɗin 80, tsawon kuma ka bar shi yadda yake. Na biyu ka fidda gefuna biyu, faɗi 40 tsawo 235, don gindin in ya lanƙwasa yana cin tsawo, ragowar ya yi maka allon gaba da na baya. Ƙasan gefunan ta gaba ka yanke shi ya riƙa ɗagowa sama sannu sannu, shi zai sa jirgin ya hau ruwa maimakon ya dinga tura shi. Duk inda falle biyu suka haɗu ka bi ta ciki da siririn katako, ka shafa gam mai jure ruwa, ka huda tukuna sannan ka ɗaura sukuru duk santimita 10, na inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, ko na tagulla, kusa ta banza damana guda zata yi tsatsa ta saki.

Yanzu ga inda aikin yake. Ruwa ta bakin yanka yake shiga kwantirfilake, nan ne yake tsotsa kamar soso, ya kumbura ya ruɓe tun daga ciki kai ba ka sani ba. Saboda haka duk bakin da zarto ya bi sai ka toshe shi, har ramin sukuru. In ka samu rezin, wato gam mai ruwa ruwa da yake daskarewa kamar roba, da ƙyallen fayiba da ake shimfiɗawa a shafe da shi, shi ya fi, sai dai ka dama kaɗan kaɗan da sassafe, zafin garin nan yana daskarar da shi a cikin gwangwani kafin ka gama shafawa. In babu, ka narka kwalta ka shafa a haɗin ta waje, ka shimfiɗa tsumma mai ƙarfi ka sake bi da kwalta. Ciki kuma fentin mai sau uku, kowane ya bushe kafin na gaba, kuma kar ka yi ranar da hazo ya taso, ƙura zata manne.

Kafin ka kai shi tafki ka ɗora shi kan bulo ka zuba ruwa ciki ka leƙa ƙasa. Na san yadda ruwa yake wuya a Zinder, jarka biyu ma sun isa, ka karkata shi kowane gefe ka ga inda yake ɗiga.

Irin wannan in ya nutsa santimita 15 yana ɗauke da wajen kilo 200 har da nauyinsa, wato kai da koma da kifi, kar ka ƙara mutum. Gwajin farko a ruwa iya gwiwa, ka zauna ƙasa ƙasa, ka ɗaure jarkoki biyu da ba komai ciki da murfinsu gaba da baya, ko ya cika ba zai tafi ƙasa ba. In iska ta taso ka fito. In rani ya yi ka kife shi a inuwa bisa bulo, kar ya taɓa ƙasa, gara ba ta barin katako.