Yadda Ake Auna Samun Aiki Ga Iyaye Masu Reno Su Kaɗai, Yanki Da Yanki

Kafin ka taɓa lissafi, ka tsayar da wanda kake ƙirgawa. Mai reno shi kaɗai shi ne uwa ko uban da ke zaune da ɗan da yake ɗauke da nauyinsa, babu miji, mata ko abokin zama a gidan. Shekarun yaron ne ke kawo ruɗani. Ofishin Ƙididdiga na Birtaniya yana ƙirga yaron da bai kai shekara 16 ba, da wanda ke tsakanin 16 da 18 idan har yanzu karatu kawai yake yi. Wasu alƙaluman ƙasa da ƙasa kuwa a shekara 14 suke tsayawa. Ka zaɓi iyaka ɗaya ka ɗora wa duk yankunan. Kada kuma ka dogara da layin "mai gida" a takardar binciken gida-gida da ake samo alƙaluman daga gare shi, domin uwar da ta koma gidan iyayenta da 'ya'yanta ba za ta fito a can ba. Ka bi layin dangantakar mazauna gidan ka zaƙulo ta.

Sai ma'anar aiki. A ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin lada ko na riba ko da na awa ɗaya ne a makon da aka yi tambaya a kansa, mai aiki ne. Wadda take hutun haihuwa kuma gurbinta yana jiranta, ita ma tana ciki. Tun ƙa'idar da aka amince da ita a 2013, noman da ake yi don cin gida kawai ya fita daga lissafin, saboda haka yankin karkara yana iya faɗuwa a takarda ba tare da kowa ya rasa aiki ba. Ka duba shekarar da binciken ya koma kan sabuwar ƙa'idar.

Lissafin kansa mai sauƙi ne: ka raba yawan masu renon da ke aiki da jimillar masu renon da ke cikin shekarun aiki, misali 16 zuwa 64, ka ninka da 100. Ka yi amfani da nauyin da binciken ya ba kowane gida, wato yawan gidajen da yake wakilta, ba ɗanyen adadi ba. Kason marasa aiki wani abu ne daban, domin shi ba ya ƙirga wadda ta daina nema saboda rashin mai kula mata da yaro, alhali ita ce zuciyar maganar.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ƙarancin mutanen da aka tambaya. Idan mutum 100 aka tambaya a yanki kuma kashi 60 cikin 100 suna aiki, kuskuren yana iya kai maki 10 sama ko ƙasa. Da mutum 400 yana saukowa wajen maki 5, kuma a binciken da ake yi unguwa-unguwa kuskuren yakan fi haka girma. Ke nan tazarar maki 4 tsakanin yankuna biyu ba ta isa a kafa hujja da ita ba. Maganin shi ne a haɗa bayanan shekara biyu ko uku, amma a kula, wasu binciken suna komawa gida ɗaya sau da yawa, kada a ƙirga shi sau biyu.

Akwai kuma tarkon shekarun ɗan auta. A ce a yankuna biyu, rabin masu yaro ɗan ƙasa da shekara 5 suna aiki, kashi 75 na masu manyan yara kuma suna aiki. A yanki na farko masu ƙananan yara su ne kashi 60, a na biyu kashi 30. Na farko zai fito da 60, na biyu da 67.5, alhali damar samun aiki ɗaya ce a duka biyun. Don kauce wa wannan, ka fitar da kason kowane rukuni daban, sannan ka auna duk yankunan da rabon rukunai iri ɗaya, wato na ƙasa baki ɗaya. Haka za ka yi da matakin ilimi idan adadin ya isa. Wannan mataki ne bai kamata a tsallake ba.

Ka raba masu cikakken aiki da masu aikin sa'o'i kaɗan. Wasu hukumomi suna yankewa a awa 30 a mako, Amurka a 35.

Daga nan ka ajiye kason iyaye mata masu miji na kowane yanki kusa da na masu reno su kaɗai, mata da mata, tunda mata ne mafi rinjaye a cikin masu reno su kaɗai. Idan duka biyun suna ƙasa, ayyuka ne suka yi ƙaranci a yankin. Idan na masu reno su kaɗai ne kawai ya faɗi, ka bincika tsadar wuraren renon yara, lokacin buɗewa da rufewarsu, nisan wurin aiki, da yawan tallafin da ake yanke wa uwa da zarar ta fara karɓar albashi.