Haƙorin wapiti a hannun maƙerin azurfa

A maƙerun azurfa na Yamai, musamman na Wadata da na gidan tarihi na Boubou Hama, wani lokaci baƙo kan ciro ɗan haƙori mai kama da ƙwallon dabino ya ce a ɗaure masa shi da azurfa. Sau da yawa haƙorin wapiti ne, dabbar da Amurkawa ke kira elk. Ta fi gwanki girma, namijinta na da ƙaho mai rassa, nauyinsa kan wuce kilo 300. Ba a nahiyarmu take ba, gidanta Amurka ta Arewa da gabashin Asiya.

Kowace dabba, mace ko namiji, fiƙa biyu kaɗai gare ta a muƙamuƙin sama. Masana na ganin ragowar haure ne da kakanninta suka yi, ya dinga ƙanƙancewa har ya koma kamar gaɓar ɗan yatsa. Idan dabbar ta mutu a daji, nama ya ruɓe, ƙashi ya rududduge, fiƙar tana nan. Shi ya sa ƙabilun asalin Amurka irin su Crow da Lakota suka ɗauke ta alamar tsawon rai. Matan Crow kan jera ɗaruruwan haƙora a jikin riga ɗaya, ga shi kuwa biyu-biyu ake samu, rigar ita ke faɗin irin maharban gidan. Daga baya ƴan ƙungiyar zumunta ta Elks, wadda aka kafa a New York a 1868, suka shiga rataya haƙorin a sarƙar agogo, har mafarauta na kashe dabbar don haƙori kawai su bar nama a ƙasa. Wannan ɓarna na cikin abin da ya tayar da hankalin mutanen jihar Wyoming ta Amurka kafin a keɓe wa dabbar makiyaya kusa da garin Jackson a 1912.

Kafin ka karɓi aiki, tabbatar da abin da ke hannunka. Na namiji ya fi kauri, kansa a dunƙule, na mace siriri ne. Na ƙaramar dabba fari ne, saiwarsa da rami, saurin fashewa gare shi. Na tsohuwa ya cike, kuma inda ya goge za ka ga zobba masu launin zuma ko na goro. Nan darajar take. Na jabu, wanda tun ƙarni na 19 ake sassaƙa shi da ƙashi, yana da ƴan ɗigo-ɗigo baƙaƙe idan ka duba da madubin ƙara girma. In kana zargin roba ce, gasa allura ka taɓa ƙarshen saiwa: roba za ta narke ta yi wari.

Wanki da ruwa mai ɗumi ne da sabuni da tsohon buroshin haƙori. Kada a tafasa, kada a jiƙa a ruwan jabel. Jabel na cinye launin nan, haƙorin ya fito kamar alli, kuma ba ya dawowa. A nan ne da yawa ke ɓata kayan mutane da niyyar gyara.

Sai maganar wuta, wadda ta fi komai. Ƙa'idar ita ce a gama duk aikin wuta kafin haƙori ya kusanci azurfa. Naɗa siririyar takarda a wuyan saiwar ka ɗauki awo. Yanki fallen azurfa mai kaurin kusan rabin milimita, ka lanƙwasa shi ya zama hula mai rufe saiwar, ka yi waldarta, ka ɗora ƙawanyar sarƙa, ka yi zanenka, ka goge. Bari ta huce sarai tukuna. In hular ta matse, buɗa azurfar ko ka ɗan rage saiwar da magagari, kan haƙorin dai ba a taɓa shi. Zuba kol mai haɗi biyu irin Araldite kaɗan a ciki, tura haƙorin, danne bakin hular a hankali, ka bar shi awa 24. Wanda ya kai wuta bayan haƙori ya shiga zai ga ya yi baƙi ya tsage nan take.

In huda ake so, a saiwa ake yi, da baki na milimita 1.5 zuwa 2, a bar kamar milimita 3 daga gefe. A tafi sannu ana ɗiga ruwa, a huda rabi ta nan rabi ta can don kada bakin ramin ya ɓalle.

Iskarmu ma abokiyar gaba ce. Hunturu na tsotse danshin haƙori, zafin Afrilu na Tawa a ɗakin kwano ya ƙarasa shi, sai ka ga tsaga ta bi tsawonsa. Ka gaya wa mai shi ya riƙa shafa ɗigon man jarirai da kaɗa sau biyu ko uku a rani, kada ya bar shi a gaban mota cikin rana, kada turare ya taɓa shi.

Idan kuma aka ce ka sassaƙa kwaikwayo, yi da ƙashin ƙafar saniya ko na raƙumi, ka faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ya saya. Hauren giwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, tun 1989 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe.