Ƙaramin kare: yadda za ka ciyar da shi, ka kuma tsare masa haƙora

Duk karen da ya gama girma yana da haƙora 42, ko nauyinsa kilo 40 ne ko kilo 2. A bakin babban kare kowane haƙori yana da wurinsa, akwai sarari tsakaninsa da na kusa da shi. A bakin ƙananan jinsi irin Ciwawa ko Fomeraniyan ko Maltis ko Yokshaya kuwa, haƙoran nan 42 a cunkushe suke, wani ya hau wani, wani ya karkace, kuma ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da su siriri ne. Shi ya sa ƙananan karnuka suka fi manya fama da ciwon dasashi da zubewar haƙora, kuma da wuri yake kama su. Yawancin karnuka kafin su cika shekara 3 ciwon dasashi ya riga ya soma, a ƙananan kuma yakan riga haka. Ni dai a wurina, wanda ya ɗauki ƙaramin kare ya ɗauki aikin bakinsa tun ranar farko, domin abin da ya fi saurin lalacewa a jikinsa ke nan, kuma abin da mai shi ya fi iya hanawa.

Bari in fara da kwano, tunda daga nan komai yake tasowa.

Ƙaramin kare yana ƙona abinci da sauri fiye da babba idan aka auna da nauyin jikinsa. Karen kilo 3 da aka dandaƙe yana buƙatar wajen kalori 250 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki), na kilo 30 kuma wajen 1,400. Ka ga ke nan kowane kilo na ƙaramin yana cin kusan ninki biyu na abin da kilon babban yake ci. Amma cikinsa ɗan mitsitsi ne, kuma kalori 250 ɗin nan bai wuce giram 65 zuwa 70 na yawancin busasshen abincin karnuka ba. Ka zuba wannan a kwano ka duba, za ka ji kamar ka yi masa rowa. Wannan tausayin ne yake sa masu ƙananan karnuka su ƙara loma ɗaya, gobe su ƙara biyu. Ka sayi ƙaramin sikelin kicin, ka riƙa auna abincin da giram. Kofi ba ya gaskiya, yau ka cika shi, gobe ka tsaya a wuyansa, kuma bambancin giram 10 a wurin ɗan karen nan ba ƙaramin abu ba ne. Ni da safe nake auna na yini gaba ɗaya in zuba a roba mai murfi, daga ciki ake ba 'yar karyata na safe da na yamma, daga ciki kuma ake ɗiban 'yan ƙwayoyin da ake ba ta lada idan ta yi abin kirki. Idan robar ta ƙare, abincin ranar ya ƙare, kowa a gida ya san haka.

Adadin da aka rubuta a bayan buhu mafari ne kawai. Jikin karen ne zai gaya maka gaskiya. Ka shafa tafin hannunka a gefensa: ya kamata ka ji haƙarƙarinsa ba tare da ka danna ba, amma kada ido ya riƙa ƙirga su daga nesa. Ka tsaya a kansa ka dube shi daga sama, ya kamata ka ga ƙugu ya ɗan shige bayan haƙarƙari. Masu gashi da yawa irin Fomeraniyan sai da hannu, ido yana ruɗi. Rabin kilo a jikin karen kilo 3 daidai yake da mutum mai kilo 60 ya ƙara kilo 10, kuma gwiwoyinsa da maƙogwaronsa da zuciyarsa ne za su ɗauki kayan. A 2002 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a Amurka kan karnuka 48 jinsin Labrado, inda aka bi su tsawon rayuwarsu: waɗanda aka rage wa abinci da kashi 25 cikin ɗari sun fi 'yan uwansu daɗewa da kusan shekara biyu. Manyan karnuka ne aka gwada, amma ban ga dalilin da zai sa ƙiba ta yi wa ƙarami sassauci ba.

Wurin saye, ka nemi abincin da aka rubuta cewa cikakke ne, wato ya ƙunshi duk abin da jiki ke buƙata, kuma ya dace da shekarun karen: na kwikwiyo daban, na babba daban. Kamfanonin kirki sukan nuna cewa sun bi ƙa'idar abincin dabbobi ta ƙungiyar AAFCO ta Amurka ko FEDIAF ta Turai. Ƙwayar abincin ta zama ƙarama daidai bakinsa. Idan za ka canza masa wani iri, ka riƙa haɗa sabo da tsoho kana ƙara sabon a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, in ba haka ba zawo zai biyo baya. Mai son dafa wa karensa da kansa ya fara zama da likitan dabbobi ya tsara masa ma'auni, domin nama da hatsi kaɗai ba su da isasshen sinadarin kalsiyam, kuma ƙashi da haƙori ne suke biyan bashin. Ruwa mai tsabta kullum a gabansa, a wanke kwanon kowace rana.

Kwikwiyon ƙananan jinsi yana da nasa haɗarin. Jikinsa ba ya ajiyar sukari sosai, in ya daɗe bai ci ba sai sukarin jininsa ya faɗi. Za ka ga ya yi laushi, yana rawar jiki, yana tangaɗi, wani lokaci har ya sume. Ka riƙa ba shi abinci sau huɗu a rana a watannin farko, ka koma sau uku, sai wajen wata shida zuwa sama ka tsaya a sau biyu. Idan ka ga alamun nan, ka shafa masa ɗan zuma a dasashi, kada ka ɗura masa komai a maƙogwaro, ka wuce da shi asibitin dabbobi nan take.

Akwai abin da ba ya shiga bakinsa ko kaɗan: cakulan, inabi da zabibi, albasa da tafarnuwa, barasa, gahawa, da duk abin da ke ɗauke da zailitol, wani abin zaƙi da ake sawa a cingam da alewa marasa sukari da wasu man goge baki na mutane. Inabi yana lalata ƙoda, albasa tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, zailitol yana kayar da sukarin jini cikin ɗan lokaci kuma yana iya taɓa hanta. Abin da babban kare zai ci ya tsira, shi zai iya kashe na kilo 2. Kitse da ragowar abinci mai maiƙo su ma a kiyaye, suna jawo kumburin fankiriyas, wani sashe na ciki da ke taimakawa wajen narkar da abinci, ciwo ne mai zafi da amai, kuma ƙananan jinsi irin Yokshaya suna cikin waɗanda ya fi kamawa. Kayan lada duka kada su wuce kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, wato wajen kalori 25 ga karen kilo 3. Biskit ɗin karnuka guda ɗaya na iya cinye wannan kason.

Sau da yawa nakan ji ana cewa busasshen abinci yana wanke haƙora. Ka zauna ka kalli ƙaramin kare yana ci. Yawancin ƙwayoyin haɗiye su yake yi, wanda ya tauna kuma yana farfashewa ne a bakin haƙori tun bai kai gindinsa ba, alhali a gindin ne ciwon yake. Akwai abinci na musamman da aka ƙera don haƙora, mai manyan ƙwayoyi da ba sa rugujewa da sauri, wannan yana taimakawa. Na yau da kullum kuwa bai isa ya maye gurbin buroshi ba.

Ga abin da ke faruwa a bakin. Sa'o'i kaɗan bayan an goge haƙori, wani danƙo mai laushi na ƙwayoyin cuta yake sake kwanciya a kansa. Muddin yana da laushi, buroshi yana ɗauke shi. In aka bar shi kwana biyu zuwa uku sai ma'adinan da ke cikin miyau su soma daskarar da shi, ya zama ɓawon nan mai launin ƙasa-ƙasa da buroshi ba ya iya kankarewa. Daga nan dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya soma janyewa, ƙwayoyin cuta su gangara ƙasa suna cin ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori. Jan dasashi yana warkewa in an kula. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa. Saboda kwana biyu zuwa ukun nan ne nake cewa a goge kullum. Sau uku a mako shi ne mafi ƙaranci da zai yi wani amfani, sau ɗaya a mako kuwa kusan wahalar banza ce.

Kayan aiki ba su da yawa: buroshi mai laushi mai ƙaramin kai, na karnuka ko na jarirai, da man goge baki na karnuka wanda aka yi don a haɗiye, yawanci mai ɗanɗanon kaza ko nama. Na mutane bai dace ba, saboda kare ba ya tofarwa. Buroshin roba da ake sawa a yatsa yakan yi wa bakin Ciwawa girma, gara ɗan bandeji a naɗe a yatsa.

Kada ka fara da buroshi. Kwanakin farko ka zaɓi lokacin da karen ya huce, ka ɗora shi a cinya ko kan tebur mai tawul, bayansa yana jingine da jikinka. Ka ɗaga leɓensa na daƙiƙa biyu, ka saki, ka yaba masa, ka ba shi ƙwaya ɗaya daga robar yini. Idan ya daina kau da kai, ka sa ɗan man a yatsa ya lasa. Bayan haka ka shafa yatsan a kan fiƙarsa da dasashin sama. Sai ya saba da wannan sannan buroshi ya shigo, shi ma haƙori biyu ko uku ka tsaya. Wani karen mako ɗaya ya ishe shi, wani sai ya kwashe wata. Ka daina tun bai gaji ba, domin ranar da ka danne shi da ƙarfi ka koma baya da nisa, kuma ɗan karen da ya tsorata da hannu a bakinsa yana da wuyar lallashi.

Ba sai ka buɗe masa baki ba, wannan ne abin da ya fi ɓata musu rai. Ka tallafi haɓarsa da hannu ɗaya, bakin a rufe, ka zura buroshin ta gefen kunci. Ka karkata gashin buroshin ya fuskanci inda haƙori ya haɗu da dasashi, ka riƙa juyawa a hankali. Bayan haƙora, wato ɓangaren da ke kallon kunci, shi ne muhimmi, ɓangaren ciki harshe yana ɗan rage masa datti. Ka fi ba da ƙarfi a fiƙoƙin sama da babban turmin sama da ke can baya, wanda yake kusa da inda miyau ke fitowa, shi ya sa ya fi kowane tara ɓawo. Rabin minti kowane gefe ya isa. 'Yan haƙoran gaba ka bar su ƙarshe, wurin yana sa su atishawa da fizge kai. Ɗan jini kaɗan a kwanakin farko yakan faru idan dasashi ya riga ya yi ja, kuma yana raguwa. In jinin ya yi yawa, ko karen ya yi ƙara da ka taɓa, ka ajiye buroshin ka kai shi likita tukuna. Ka wanke hannunka da buroshin bayan an gama.

Game da abin tauna, ina da tsauri. Ƙashi, ƙaho, kofato, da robar nan mai tauri ba sa shiga gidana. Su ne suke tsaga babban turmin sama, kuma dafaffen ƙashi yana tarwatsewa ya soki hanji. Gwajin mai sauƙi ne: ka danna farcen babban yatsanka a jikin abin, in bai lotsa ba ya yi tauri. Cikin kayan tauna na haƙora ka nemi masu tambarin VOHC, wata majalisar likitocin haƙoran dabbobi da ke duba ko kaya yana rage datti da gaske. Ka ɗauki girman da aka rubuta don nauyin karenka, ka tsaya a kansa yana tauna, ka kuma cire kalorinsa daga abincin ranar.

Mai kwikwiyo ya sa ido lokacin famfara. Haƙoran farko 28 ne, suna soma zubewa wajen wata uku zuwa huɗu, zuwa wata shida ko bakwai na dindindin sun gama fitowa. A ƙananan jinsi sau da yawa fiƙar farko takan ƙi faɗuwa, sai ka ga fiƙa biyu manne da juna, siririya da kakkaura. Abinci da gashi suna maƙalewa a tsakaninsu, sabuwar kuma ta fito a karkace. Likita ne zai cire tsohuwar, galibi a haɗa da ranar dandaƙa don a yi allurar barci sau ɗaya.

Warin baki mai ƙarfi ba ɗabi'ar kare ba ce, alamar ciwo ce. Haka dalalar miyau, tauna ta gefe ɗaya, sakin abinci daga baki, shafa fuska da ƙafa, ko jini a jikin abin wasa. Kumburi a ƙarƙashin ido yawanci saiwar turmin sama ce ta yi ƙurji. Atishawa da majina ta hanci ɗaya na iya nufin ciwon fiƙar sama ya huda har cikin hanci, abin da ake yawan gani a karnuka jinsin Dakshund. Kada cin abincinsa ya ruɗe ka, kare yana ci ko da bakinsa na ciwo. A wasu tsofaffin ƙananan karnuka ƙashin muƙamuƙin ƙasa yakan cinye har ya karye da ɗan tsalle daga kujera.

Likita ya duba bakin aƙalla sau ɗaya a shekara, tun karen yana shekara ɗaya. Wankin haƙora na gaskiya da allurar barci ake yinsa, domin sai an shiga ƙarƙashin dasashi an kankare, an ɗauki hoton saiwoyi, sannan a goge saman haƙorin ya yi santsi. Kankarar da ake yi wa kare idonsa biyu tana fito da farin haƙori ne a bar ciwon a ƙasa. Na san fargabar allurar barci a jikin kare ɗan kilo 2, fargaba ce mai dalili. Ka nemi a yi gwajin jini kafin ranar, a saurari zuciyarsa, ka tambayi wa zai tsaya yana lura da numfashinsa da ɗumin jikinsa, domin ƙananan karnuka suna saurin yin sanyi a kan tebur. Ka tambayi kuma awa nawa zai yi ba ci, tunda azumi mai tsawo bai dace da su ba.

In likita ya ce sai an cire haƙora da yawa, kada ka ja da shi don tausayi. Ruɓaɓɓen haƙori ciwo ne kullum, kuma karen da aka cire wa yakan koma cin abinci da walwala cikin 'yan kwanaki, har wanda ba shi da ko ɗaya yana iya cin busasshen abinci da aka jiƙa da ruwan ɗumi. Ka ba shi abinci mai laushi wajen mako biyu, ka ɓoye kayan tauna, ka ba da maganin ciwo yadda aka rubuta, kuma kada ka ba shi na mutane irin farasitamol ko ibufurofen da kanka. Buroshi ya dawo ranar da likita ya duba ya ce ɗinkin ya warke.