Daga Gulbi zuwa teku: kurakuran da yaranmu ke yi wajen hawan igiyar ruwa

Ruwan da ɗan Maraɗi ya tashi da shi bai wuce Gulbi in damina ta zauna ba, sai tabkin Madarunfa. Amma fatauci da karatu sun kai yaranmu Lome, Kwatano, Dakar, har Maroko, kuma ba a daɗe da sauka abokai ke jan mutum bakin teku ran Lahadi. Can zai ga samari tsaye kan allo igiyar ruwa na gudu da su, ransa ya biya. Wasa ne mai kyau, ya ma shiga gasar Olamfik tun ta Tokyo da aka yi a 2021. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda muke faɗawa cikin ruwan da ba mu tambayi dokarsa ba.

Kuskuren da ya fi cin rai shi ne zaɓen wurin da ruwa ya kwanta. A tabki, inda ruwa ya yi shiru nan ne lafiya. A teku sau da yawa nan ne ajali. Duk ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya koma, sai ya haƙa wa kansa hanya tsakanin tudun yashin da ke ƙasa, ya bi ta da ƙarfi. Daga tudu za ka ga wani zirin ruwa mai duhu, ba kumfa, igiya na fashewa dama da hagu amma shi shiru. Gudunsa kan kai mita 2 a daƙiƙa, ko zakaran iyo ba ya gaba da shi. In ya ɗauke ka, kada ka dage sai ka dawo ta inda ka shiga, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ka riƙe allonka, ka ɗaga hannu a gan ka, ka yi iyo gefe, wato ka bi tsawon gaɓa har ka fita daga zirin, sannan igiya ta taimaka maka zuwa tudu. Kafin ka jiƙa ƙafa, tsaya minti goma kana kallon ruwan.

Sai tutoci, waɗanda da yawanmu ke ɗauka ado ne. Tuta mai ja da rawaya guda biyu, tsakaninsu fili ne na masu wanka da ke ƙarƙashin idon masu ceto, ba a shiga da allo mai tauri. Mai zanen dara baƙi da fari ita ce wurin masu allo. Ja zalla kuwa, ba shiga. Inda ba ka ga tuta ko ɗaya ba, ba izini aka ba ka ba, galibi ba mai ceto ne a wurin. A Dakar hukuma kan ware bakin ruwan da ta hana wanka, musamman ta gefen arewa, don haka sai ka tambaya. A Lome da Kwatano kuma ƙasar gangare gare ta, taku kaɗan ruwa ya sha kanka, igiyar kuma a kan yashi take fashewa. Ba wurin koyon ɗan fari ba ne.

Cikin ruwan ma akwai ladabi, kuma nan ne baƙo ke jawo wa kansa faɗa. Igiya ɗaya ta mutum ɗaya ce: wanda ya fi kusa da inda ta fara karyewa shi ke da ita. Ɗan yayata da ke karatu a Dakar ya bugo mini waya ransa ɓace, ya ce, «Kawu, wani ya daka mini tsawa a bakin tekun Yof, alhali ruwan na gwamnati ne.» Na ce, «Ɗana, hanyar Dan Isa ma ta gwamnati ce, amma kana shiga gaban babbar mota?» Ashe gaban mai igiya ya gitta. Allo mai tsini in ya samu fuska, sai ɗinki. Gyaran ba wuya: dubi dama da hagu kafin ka miƙe, in ka ga wani a kai ka janye, in ka yi kuskure ka ɗaga hannu ka ba da haƙuri. Wajen komawa ciki kuma ka zagaya ta gefe, kada ka ratsa ta inda ake hawa. In ka iso wuri, yi sallama, ka bar ƴan gari su fara.

Igiyar da ake ɗaure allo da ita a idon sawu dole ce, ba zaɓi ba. Wasu kan cire ta wai tana harɗe su, wasu kuma da sun ga babbar igiya sai su jefar da allon su nutse, ba su duba wa ke bayansu ba. Mai koyo ya yi hayar allon soso, ya biya malami ko na awa ɗaya ne.

Masunta sun riga mu zama a bakin ruwan nan, abincinsu ke ciki. Inda ka ga ana jan taru ko kwalekwale na shigowa, ka ba su wuri mai faɗi, domin mai kwalekwale ba shi da birki a kan igiya.

Batun sutura ma ba ƙarami ba ne. Don kunya wasu ke shiga da jallabiya ko wandon jin, mata da zane da hijabi mai faɗi. Kayan in sun sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. Akwai kayan iyo marasa nauyi masu rufe jiki duka, na maza da na mata, a nema tun kafin ranar. Kuma kada a shiga bayan magariba, kada a shiga shi kaɗai, a bar mutum ɗaya a tudu da waya a hannu wanda ya san adadin waɗanda suka shiga.